Dogon Hutu Ya Zo: Wasiƙa Zuwa Ga Yayyen Gida

Zuwa ga 'ya'yana samari da 'yan mata,



Dalilin wannan wasiƙa dogon hutu ne. Wajen ƙarshen Yuli makarantun boko za su sallami yara, sai kuma Satumba. A Nijar hutun ya fi haka tsawo. Da gangan na tsallake iyayenku na rubuto muku. Baba tun safe yana kasuwa ko ofis ko gona, Inna na fama da tukunya da goyo, ga wanki ba rana. Mai sauran ƙafar yawo a gidan, wanda yaro ke kwaikwayon tafiyarsa da maganarsa, shi ne Yaya, mace ko namiji. Ku ne kuka gama WAEC da NECO kuna jiran sakamako, ku ne jami'a ta sallama. Idan ba ku tsara wa ƙannenku hutun nan ba, waya da titi za su tsara musu.

Abin da gidaje da yawa ke yi shi ne a biya kuɗin lesin, a mayar da yaro kan bencin da ya baro jiya. Ban hana ba. Yaron da lissafi ya gagara, ko wanda ya kai aji huɗu bai iya haɗa baƙi ba, awa biyu a rana za ta taimake shi ƙwarai. Amma a tara yara tun safe har azahar ana maimaita musu abin da za a sake koya musu a zango mai zuwa, wannan hutun iyaye ne aka saya da sunan karatu. Ga allo da Islamiyya kuma suna nan ba su tsaya ba. To, in kun lissafa, lokacin da ke hannunku bai wuce daga hantsi zuwa azahar ba, sai bayan isha'i, sai ranakun da babu makarantar Malam. Ba shi da yawa, ya kuwa isa.

Ku fara da abin da damina ke bayarwa kyauta. Ku nemi tsohon buhun shinkafa ko na siminti, ku huhhuda gindinsa, ku cika shi da ƙasa haɗe da busasshen takin tumaki, ku ba kowane yaro nasa, a rubuta sunansa a jiki da gawayi. Alayyahu ya fi dacewa da marar haƙuri, domin cikin sati uku zuwa huɗu an fara yanka. Kuɓewa takan ɗauki kusan wata biyu, wato wanda ya shuka a makon farko zai iya ganin 'ya'ya kafin a koma ko jim kaɗan bayan an koma. Ga yakuwa, ga rama, ga wake. Za ku sha kallo: yaron da sai an yi da gaske yake tashi sallar asuba, sai ga shi tsugune gaban buhu yana ƙirga ganye, yana rantsuwa nasa ya fi na Yaya tsawo, yana kuma neman a hukunta akuyar da ta yi masa ɓarna. Ranar da aka yanka, Inna ta saya da kuɗinta, ko naira nawa ne, yaron ya rubuta a takarda abin da ya kashe da abin da ya samu. Wanda yake da dangi a ƙauye, hanya kuma tana da lafiya, a kai yara su kwana biyu su ga yadda ake maimai, su ci gasasshiyar masara, in an yi dace gero ya nuna su ci tumu. Na ce in hanya na da lafiya. Kun san halin da wasu yankunanmu ke ciki, kada a yi ganganci da sunan zumunci.

Sai yawon gari. Abin kunya ne yaro ya tashi a Kano ya san sunayen 'yan wasan Real Madrid kaf amma bai taɓa taka Dala ba. Ku haɗa kai da yayyen maƙwabta, a yi karo-karo na kuɗin adaidaita sahu, a fita da hantsi, domin hadari ya fi haɗuwa da yamma. Daga kan Dala ku nuna musu Gwauron Dutse da abin da ya rage na ganuwa, ku ba su labarin Barbushe da Tsumburbura. Ku sauko Gidan Makama, gidan da ake danganta shi da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. A zamaninsa ne aka kafa Kasuwar Kurmi, kuma har gobe tana ci. Amma in da wuri ɗaya kawai za ku iya zuwa, ni marinar Ƙofar Mata zan zaɓa, wadda ake cewa tun 1498 take. A can ba a cewa yaro kada ya taɓa. Zai leƙa rijiyar baba da toka, warinta ya bugi hancinsa, ya ga marini ya tsoma farin ƙyalle ya ciro shi kore-kore, iska na bugunsa yana rikiɗewa shuɗi a gaban idonsa. Ku bar shi ya tambayi marinin da bakinsa me ya sa. Ku kai musu farin hankici su ɗaɗɗaure da zare a rina musu, kowa ya koma gida da zanensa.

Wanda ba ya Kano kada ya ce ba shi da wurin zuwa. Katsina na da hasumiyar Gobarau, Daura na da rijiyar Kusugu, Sakkwato na da Hubbaren Shehu, Zariya na da Kufena, Damagaram na da fadar Sarki da tsohuwar unguwar Birni, Yamai na da gidan tarihi na Boubou Hama mai ɗauke da namun daji. Mai hali ya kai iyali Yankari su yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki. Garin da ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan yana da maƙera, yana da masaƙa ko magina tukwane, yana da tsohon da ya san wanda ya sari garin. Sharaɗi biyu kawai: ku yi ɗan bincike kafin ku tafi don kada tambayar yaro ta kunyata ku, ku kuma ƙirga kawunan yara kafin a hau da bayan an sauka.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. Hutunmu a tsakiyar damina yake faɗowa, Agusta kuwa shi ne watan marka. Kududdufai sun cika, kwatoci na gudu, kuma babu abin da ke jan yaro kamar ruwa. Kududdufi yawanci ramin da aka haƙi ƙasar gini ne, bakinsa iya gwiwa, taku biyu gaba ya shanye babban mutum, ga laka mai riƙe ƙafa. Kowace damina sai an yi wa wasu gidaje ta'aziyya a kan haka. Wanda ya tsira daga nutsewa ma bai tsira daga tsargiya ba: ƙwayar cutar na fitowa daga jikin ƙananan dodon koɗi da ke ruwan kwance, ta shiga ta fata, bayan wani lokaci yaro ya fara fitsarin jini. A wasu wurare har yanzu ana cewa alamar balaga ce. Ba balaga ba ce, ciwo ne, maganinsa na asibiti. Hani da baki kaɗai ba ya aiki a nan. Yaron da ka hana kududdufi ba ka ba shi abin yi ba, ka juya baya ne kawai yake jira.

Sauro ma lokacinsa ne. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 maganin rigakafin zazzaɓi sau ɗaya a wata a lokacin damina a ƙasashen Sahel. Ma'aikatan lafiya kan bi gida-gida su ba da na ranar farko, su bar na kwana biyu. Nan ne ake sakaci. Ku zama masu tuna wa Inna, ku kuma tabbata kowa ya shiga gidan sauro, ko a ƙauye aka kwana. Idan gudawa ta kama yaro, kafin a isa asibiti a dama ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. In hadari ya taso ana ƙwallo, a tashi wasa, kada kuma a fake gindin bishiya.

Ranar da ruwa ya hana fita, ga dara: gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12, kwali da murafen lemo sun wadatar. Ga carafke, ga kacici-kacici, in ƙasa ta tsane ga langa da gaɗa. Da dare in an ɗauke wuta, ku karanta musu labari ɗaya daga Magana Jari Ce da murya sama. Abubakar Imam ya gina littafin farko ne a kan aku da ke tsare Musa ɗan Sarki da labari don kada ya fita; dabarar ta yi aiki a kan ɗan Sarki, ƙanenka ba zai gagare ta ba. Wayar nan ma tana da amfani. Ku zaunar da Kaka ta yi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, yara su naɗi muryarta, gobe wanda ya iya rubutu ya kwafe a littafi, ƙaramin ya yi zane. Ku tambaye ta sunan kakanninta da garin da suka baro, a rubuta. Da farko za ta ce ku rabu da ita, ta manta; ku kawo goro ku yi haƙuri.

Magana ɗaya a kan 'yan mata. A gidaje da yawa hutun namiji ƙwallo ne, hutun mace wanke-wanke da raino da talla. Ku samari, wannan a gabanku ake yi. Ku raba aikin gida a tsakanin kowa, ku sa sunan ƙannenku mata a farkon jerin masu zuwa marina. Wanda ya kai shekara goma sha biyu zuwa sama, mace ko namiji, ana iya kai shi wurin tela ko mai ɗinkin hula ko mai gyaran waya na 'yan awoyi, amma wurin wanda kuka sani, kuma ku riƙa leƙawa, don wasu aike kawai za su yi ta yi da shi har hutu ya ƙare bai taɓa almakashi ba.

Kafin a ba da hutu ku tara su bayan magariba, ku nemi izinin Baba da Inna, kowane yaro ya faɗi abu ɗaya da yake so, a rubuta a takarda a manna a bango. Kada ku cika kowace rana; ku bar wasu fayau, su ƙera motar langa-langa, su yi faɗa su shirya. Makon ƙarshe kuma a koma kwanciya da wuri, a gwada yunifom, domin yaro kan ƙara tsawo a damina, gara a kai wa tela tun layi bai yi tsawo ba.

Ku gaida mini su Baba da Inna da Kaka.

Wassalam,
Kawunku