Haƙƙin Mai Gargarar Mutuwa A Ɗakin Kulawa Ta Musamman

Godiya ta tabbata ga Allah Mai rayarwa, Mai kashewa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a da majinyaci yakan cika ne a kan shimfiɗarsa, 'yan'uwa na kewaye da shi. Yanzu kuwa da yawa suna cikawa a manyan asibitoci, cikin ɗakin kulawa ta musamman, inda na'ura ke hura musu numfashi. Irin wannan ɗaki ya samo asali ne a Kwapanhagan ta ƙasar Danmak, bayan annobar shan-inna ta 1952. To, sauyin wuri bai sauke haƙƙin da Shari'a ta ɗora wa dangi ba.

Haƙƙi na farko shi ne laƙƙana masa kalmar shahada, kamar yadda Imamu Muslim ya ruwaito umurnin daga Abu Sa'idul Khudri. Ladabin abin shi ne a faɗe ta a hankali kusa da kunnensa, ba a ce masa "faɗi" ba, kada a takura shi ya ƙosa. Ko da bututu na bakinsa, ko ya suma, ba a bari, domin mai yiwuwa yana ji. Saboda haka ma bai kamata a tsaya a kansa ana zancen kuɗin magani ko rabon gado ba. A tuna masa da rahamar Ubangiji, don ya cika yana mai kyautata zato gare Shi.

Na biyu, fuskantar da shi alƙibla. Ibnu Abi Zaidil Ƙairawani ya sanya wannan cikin mustahabbai a littafin Risala. Tun da yake ba wajibi ba ne, idan juya gadon zai tsinke robar ƙarin ruwa ko ya gusar da na'ura, sai a bar shi yadda yake, babu laifi. Haka nan kiyaye dokar ma'aikatan jinya, kamar wanke hannu da rage cunkoso, yana cikin kawar da cuta daga sauran majinyata. Hawaye halal ne, amma kururuwa da ihu an hana su.

Sai mas'alar da ta fi damun iyali, wato cire na'urar numfashi. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Amman ta ƙasar Jodan cikin 1986, ta yanke cewa mutum ya mutu idan zuciyarsa da numfashinsa sun tsaya cak babu dawowa, ko kuma idan ƙwaƙwalwarsa ta daina aiki gaba ɗaya, ƙwararrun likitoci suka tabbatar ba za ta farfaɗo ba, har ta fara lalacewa. A nan ya halatta a cire na'urar, ko da zuciya na bugawa da taimakonta. A 1987 Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta halatta cirewar idan ƙwararrun likitoci uku sun tabbatar da haka, amma ta ce ba a hukunta mutuwarsa sai zuciya da numfashi sun tsaya bayan an cire.

Wannan saɓani yana da amfani a aikace, domin daga lokacin mutuwa ne matarsa ke fara takaba ta wata 4 da kwana 10 idan ba ta da ciki, kuma daga nan ne ake sanin wanda ya gaje shi. Bin fatawar Makka ya fi nisa daga shubuha. Amma dukkan majalisun biyu sun haɗu a kan cewa ɗan da ya yarda a cire wa mahaifinsa na'ura a irin wannan hali bai kashe shi ba, kada ya ɗora wa kansa zunubin da Allah bai ɗora masa ba.

Sai dai a lura, dogon suma dabam, mutuwar ƙwaƙwalwa dabam, domin mai dogon suma yana iya farfaɗowa. Kuma yi wa majinyaci allura da nufin gaggauta ajalinsa haramun ne, ko da shi ya roƙa, domin rai amana ce. Amma ba shi maganin rage raɗaɗi gwargwadon da likita ya tsara, wannan jinƙai ne abin yabo.

Idan ya cika, sai a rufe masa idanu, kamar yadda Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi wa Abu Salama, a lulluɓe shi, a yi masa addu'a, a gaggauta suturarsa da biyan bashinsa.

Allah Ya ba majinyata lafiya, Ya sa a cika da imani, amin.