Yadda Ake Auna Mai da Ruwa da Iskar Gas a Bakin Rijiya

Kowane hakimi ya san a da ba a rubuta jangali sai an ƙirga shanu, ba a kuwa biyan kuɗin gyaɗa sai an ɗora buhu a kan sikeli. Haka sha'anin man fetur yake. Babban rabo na kuɗin da ake raba wa jihohi da ƙananan hukumomi daga asusun Tarayya daga mai yake fitowa, saboda haka ya kamata hakimai da malamansu su san yadda ake auna shi.

A shekarar 1956 kamfanin Shell-BP ya sami mai a Oloibiri, cikin ƙasar da take Jihar Bayelsa yanzu. A 1958 aka fara fitar da shi zuwa ƙasashen waje ta Fatakwal. Tun daga lokacin, ganga ita ce mudun wannan ciniki. Ganga ɗaya galan 42 ne na Amurka, watau wajen lita 159.

1. Abin da ke fitowa daga rijiya

Rijiya ba ta ba da mai zalla. Abu uku ne ke fitowa a gauraye cikin bututu ɗaya: ɗanyen mai, da ruwan gishiri, da iskar gas. In an auna su a haɗe, ba za a san nawa ne na sayarwa ba. Don haka aikin farko shi ne a raba su.

2. Tukunyar rarrabewa

Ana kai garwayen cikin wata babbar tukunyar ƙarfe, inda matsinsa ke raguwa, ya lafa. Iskar gas ba ta da nauyi, sai ta tashi sama. Ruwa ya fi nauyi, sai ya kwanta a ƙasa. Mai ya tsaya a tsakiya, kamar yadda man shanu ke tasowa a kan nono. Kowanne yana da tasa ƙofar fita, da nasa ma'auni.

Rijiyoyi da yawa sukan haɗu a tasha ɗaya. Domin a san abin da kowace ke bayarwa, akwai wata tukunya dabam ta gwaji. Akan juya rijiya ɗaya zuwa gare ta, galibi sau ɗaya a wata, a bar ta wasu awowi, sa'an nan a juya wata.

3. Ma'aunai

Iskar gas akan auna ta da faifan ƙarfe mai huda a tsakiya, wanda ake sa wa cikin bututu. Matsin iskar kafin hudar ya fi na bayanta, kuma gwargwadon saurin iskar, gwargwadon girman wannan bambanci. Daga nan ake lissafa yawanta.

Mai da ruwa kuwa akan auna su da mita mai farfela, wadda ke ƙirga juyinta. In mai ya taru a tanki, ma'aikaci ya zura awon ƙarfe mai nauyi a baki, ya duba inda mai ya tsaya. Da yake mai yakan kumbura da zafi, akan mai da kowane lissafi bisa digiri 60 na Farenhait, don kada awon rana ya saɓa wa na dare.

Har wa yau akan ɗebi kaɗan a kwalba, a juya shi da sauri cikin na'ura, ruwa da laka su kwanta, a ga ko kashi nawa ne cikin ɗari. Tun shekarun 1990 aka fara amfani da wasu mitoci masu auna duka ukun ba tare da an raba su ba.

4. Misali

A ce an gwada rijiya awa 12, mai da ruwa a haɗe suka kai ganga 500. Ke nan a awa 24 ganga 1,000 ce. In ruwa kashi 30 ne cikin ɗari, to, mai ganga 700 ne, ruwa 300. Malamin da ya rubuta 1,000 ya shigar da ruwa cikin littafin mai.

A ƙarshen wata akan gwada jimlar gwaje-gwajen nan da abin da ya isa tashar jiragen ruwa, kamar ta Bonny wadda aka buɗe a 1961. In an ga giɓi mai yawa, sai a bincika: ko bututu ya huje, ko mita ta lalace, ko an yi sata.

5. Amfanin awo

Na farko, bisa gangunan da aka auna ake biyan Gwamnati haƙƙinta. Na biyu, in ruwa yana ƙaruwa wata bayan wata, injiniya ya san rijiya ta fara tsufa, sai ya nemi dabara tun da wuri. Na uku, akwai tara a kan iskar gas da aka ƙona a banza, tarar kuwa ba ta yiwuwa sai da awo. Dokar man fetur ta 2021 ta ɗora wa hukumar NUPRC kula da waɗannan ma'aunai.

Ana roƙon hakimai su karanta wa majalisarsu wannan bayani, malamai kuma su sake yin lissafin misalin nan da wasu lambobi, har ya zauna musu sosai.