Amsoshin Tambayoyinku: Masu Tsara Kula da Tsofaffi a Japan

Wata mai sauraronmu daga Damagaram na tambaya: shin gaskiya ne a Japan akwai masu sana'ar tsara wa iyali kulawar tsofaffinsu?

Ƙwarai kuwa, Malama. A watan Afrilun 2000 Japan ta soma inshorar kula da tsofaffi, wadda kowa ke zuba wa kuɗi daga shekara 40. Idan ƙarfin tsoho ya ragu, jami'in tsara kulawa kan zo har gida, ya zauna da 'ya'yansa, ya ga ko yana iya wanka da kansa, sannan ya tsara ranakun zuwan mai jinya da hayar keken guragu. Duk wata sai ya leƙo.

Inshorar ce ke biyan ladansa gaba ɗaya. Sauran hidimomin kuwa, yawancin tsofaffi kashi 10 cikin 100 suke biya.