Kafin Mu Ce Malam Ya Yi Son Kai: Yadda Ake Auna Sabbin 'Yan Wasa



Tun da aka liƙa sunayen sabbin 'yan ƙwallon makaranta ake ta ce-ce-ku-ce a lokacin tara. Kowa ya san yayyenmu 'yan aji uku sun gama, kuma su ne kusan duk ƙungiyar, har da gola. Malamin wasanni ya zaɓi sababbi, yawancinsu daga aji ɗaya da aji biyu. An yi wasan sada zumunta ɗaya, aka ci mu. Shi ke nan, wasu suka ce Malam ya yi son kai, wasu suka ce ya bar dogaye ya ɗebi ƙanana, har mun ji wani yaro da aka zaɓa yana cewa zai daina zuwa atisaye saboda tsokanar da ake masa. Shi ya sa mu 'yan ƙungiyar 'yan jarida muka yi tambaye-tambaye a kan yadda manyan ƙungiyoyi suke zaɓen matasa idan suna sake gini, da lokacin da ya dace a ce zaɓen ya yi kyau ko bai yi ba.

Mu fara da Amurka, don su ne suka mayar da zaɓen 'yan wasa wani biki na musamman. Suna da wata ƙwallo irin ta zari-ruga, wadda ake rungume ta a gudu, 'yan wasa sanye da hular kwano. Babbar gasarsu sunanta NFL, ƙungiyoyi 32 ne a ciki. Duk shekara a watan Afrilu sai a zauna a raba matasan da suka yi fice a jami'o'i, zagaye bakwai, kowace ƙungiya tana ɗauka idan layi ya zo kanta. Abin da ya ba mu mamaki shi ne ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe a bara ita take fara zaɓe, zakara kuma ta jira har ƙarshe. Wato kamar a ce gidan da ya zo na kashin baya a gasar gidaje shi zai fara ɗaukar 'yan aji ɗaya. Ana yin haka ne don kada masu ƙarfi su yi ta ƙara ƙarfi, raunana su dawwama a ƙasa.

To, washegarin zaɓen sai masu sharhi su fara ba ƙungiyoyi maki kamar jarrabawa, alhali yaran ko wasa ɗaya ba su buga ba. Ga abin da ya sha faruwa. A 2000 an zaɓi mutum 198 kafin a kira sunan Tom Brady, shi ne na 199, a zagaye na shida. Wannan mutumin ya ci babban kofinsu sau bakwai. A 2007 kuwa ƙungiyar Oakland Raiders ce ta fara zaɓe, ta ɗauki JaMarcus Russell, ƙato mai ƙarfin jifa, kowa yana yabo. Kaka uku kawai ya yi, a 2010 suka sallame shi. A 2022 Brock Purdy shi ne na 262, na ƙarshen ƙarshe, amma a Fabrairun 2024 shi ya jagoranci San Francisco zuwa wasan ƙarshe. Saboda irin wannan ne masu hankali a cikinsu suke cewa a jira kamar shekara uku kafin a ba da maki.

Mu a Najeriya ba mu da wannan tsarin, amma muna da abin da ya yi kama da shi, wato Golden Eaglets, 'yan ƙasa da shekara 17. Sun ci kofin duniya sau biyar: 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015. Duk lokacin da suka ci sai a ce ga Super Eagles ta gobe. Mu duba 'yan 2015 da suka ci a ƙasar Chile, don labarinsu ya fi koyar da mu. Kyautar gwarzon gasar Kelechi Nwakali ne ya karɓa, kyaftin ɗin ƙungiyar, Victor Osimhen kuma ya ci ƙwallo 10. Arsenal ta ɗauki Nwakali, Wolfsburg ta Jamus ta ɗauki Osimhen. Da a ce an tambayi 'yan gidan kallo a lokacin, mu dai muna ganin da yawa za su ce wanda ya tafi Arsenal ya fi dacewa. Nwakali bai taɓa buga wa babbar ƙungiyar Arsenal wasan gasa ba, aro aka yi ta ba da shi har ya bar ta.

Osimhen ma bai fara da daɗi ba. Ya bar Wolfsburg ba tare da ya ci musu ƙwallo ko ɗaya a gasa ba. Da an yanke masa hukunci a 2018, cewa za a yi asarar kuɗi ce. Sai aka ba da shi aro ga Charleroi ta Beljiyam, ƙaramar ƙungiya inda yake samun bugawa kowane mako, ƙwallaye suka dawo. Daga nan Lille ta Faransa, sai Napoli ta Italiya a 2020. A 2023 ya ci ƙwallo 26 a gasar Italiya, Napoli ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1990, kuma aka ba shi gwarzon ɗan ƙwallon Afirka. Ku lissafa da kanku: daga 2015 zuwa 2023 shekara takwas ke nan.

Mu 'yan Ikara bai kamata wannan ya zama mana sabon abu ba. Duk wanda ya taɓa taya dashen tumatir ya san ranar da aka dasa shi yaushi yake yi, ya kwanta kamar ya mutu, sai ya sha ruwa na kwanaki ya miƙe. Babu manomin da yake tumɓuke dashe washegari don ya ga ya langaɓe. Haka masu sayen rake a Maƙarfi da Kudan, ba tsawo kaɗai suke dubawa ba.

Maganar tsawo ta kawo mu kan shekaru, kuma a nan ne muke ganin masu ƙorafi sun fi yin kuskure. Yaro ɗan shekara sha shida idan aka haɗa shi da ɗan sha biyu dole ya ture shi ya ƙwace ƙwallo, ba don ya fi shi iyawa ba, don ya riga shi girma ne. Bayan shekara uku ƙaramin zai kamo shi a jiki, sai a ga wanda ya iya da gaske. Wannan matsalar har a ƙasa akwai ta. Tun gasar 2009 da aka yi a Najeriya, wadda Kaduna da Kano suna cikin garuruwan da aka buga, hukumar FIFA take amfani da na'urar asibiti tana duba ƙashin wuyan hannu don gane wanda ya wuce shekaru. A 2016 'yan wasa 26 na Eaglets suka faɗi wannan gwajin ana dab da wasa da Nijar, kuma Nijar ta fitar da mu. A makarantarmu kuma akwai ƙarin dalili: dogon da yake aji uku saura masa zango biyu ko uku ya tafi, ɗan aji ɗaya kuwa shekara uku zai yi mana.

Sai maganar gurbi. Ƙungiyar da take sake gini ba gwanaye kawai take tarawa ba, inda ya yoye take toshewa. Bayan Najeriya ta kasa zuwa kofin Afirka na 2012, an ba marigayi Stephen Keshi aikin horarwa. Ya ajiye wasu manyan sunaye, ya tafi gasar 2013 a Afirka ta Kudu da 'yan wasa shida masu bugawa a gida, cikinsu har da Reuben Gabriel na Kano Pillars. An soke shi sosai. Amma Godfrey Oboabona, ɗaya daga cikin shidan, shi ya tsare baya tun daga farko har ƙarshe, Sunday Mba kuma ya ci ƙwallon da ta fitar da Kodebuwa, ya sake cin ɗaya tilo da aka doke Burkina Faso da ita a wasan ƙarshe. Mu namu gurbin a fili yake: gola da 'yan baya biyu muka rasa, amma duk waɗanda ake cewa an bari 'yan gaba ne. Ko Kano Pillars, mai kofin gasar Najeriya huɗu, ta faɗa rukunin 'yan dagaji a 2022, ba ta watse ba, ta dawo a 2023.

Ba muna cewa duk wanda Malam ya zaɓa zai zama gwani ba. Wasu za su ba da kunya, kamar yadda na Amurka masu kuɗi da na'urori suke kuskure duk shekara. Kuma gaskiya akwai yaro ɗaya a aji biyu da mu ma muke ganin ya cancanci a sake gwada shi, mun kuma gaya wa Malam cikin ladabi, ya ce zai duba shi ranar Alhamis.

Ga abin da muka shirya yi. Mun samu littafi mai shafi 40, kowane sabon ɗan wasa da shafinsa. Duk wasan da aka buga za mu rubuta ko ya zo atisaye a makon, minti nawa ya buga, sau nawa ya ba da ƙwallo ta isa ga ɗan'uwansa, sau nawa ya ƙwace, ba ƙwallon da ya ci kaɗai ba, tunda ɗan baya ba a auna shi da ci. Gola kuma za mu ƙirga waɗanda ya tare, ba waɗanda suka shiga kawai ba. Ba za mu liƙa sakamakon kowa a bango ba sai ƙarshen zango na uku, kuma sai Malam ya gani tukuna. Muna neman mutum biyu masu kyan rubutu da saurin ƙirga, mace ko namiji, su same mu a ajinmu ranar Laraba bayan an tashi. Wanda zai zo ya taho da bironsa.