Fitar Haƙorin Yara

Wajen wata 6 haƙori kan fara fitowa, yaro ya yi ta dalalar da miyau da cije-cije. Uwa, wanke hannunki ki murza masa dasashi a hankali, ko ki jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi ya ciza. Ki yawaita ba shi nono, ki tofa masa Falaƙi da Nasi.

Zuma waraka ce, amma ban da yaron da bai cika shekara ba.

Abin da ke damuna shi ne yaro na ta gudawa, jiki zau, a ce "ai haƙori ne". Haƙori ba ya kawo haka. A ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi asibiti a ranar.

Allah Ya raya mana su.