Itatuwan Gida Muke Bukata a Mabera

Kowace shekara idan damina ta sauka, mukan fito da ɗalibai mu dasa itatuwa a gindin katanga. A yi addu'a, a ɗauki hoto, a watse. Amma wa ke komawa cikin watan Afrilu ya duba waɗanda suka rayu? Mu mun duba, abin kuwa ba daɗin gani. Furannin da muka saya da tsada sun bushe tun kafin Ista, ga wata 'yar aduwa da ba wanda ya shuka ta tana nan kore shar a bayan ɗakin girki.

Dalilin a fili yake. A Sakkwato ruwan sama na wajen wata 4 ne, daga Yuni zuwa Satumba, sauran watannin kuwa hunturu ne da zafin da kan wuce awo 40. Mu mazauna Mabera mun san wahalar ta fuska biyu: da damina ruwa ya kwanta a tituna har ya shiga gidaje, da rani ƙura ta rufe mu. Itace ba zai maye gurbin magudanar ruwa ba, amma ƙasar da saiwa ta riƙe tana shan ruwa, ba ta bin kwararo.

Ba mu raina dogon yaro ba, ya yi mana inuwa. Sai dai baƙo ne, daga Indiya aka kawo shi, kamar yadda aka kawo turare daga Ostireliya. Na gida fa? Ku dubi gawo. Shi da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma ya zama taki. Da rani, lokacin da kome ya bushe, sai ya yi kore, dabbobi su ci 'ya'yansa. Da bagaruwa majema ke jeme jar fatar nan da ta kai sunan Sakkwato ƙasashen waje. Kuka ta ba mu miya, ɗorawa daddawa, kurna da magarya kuwa yara sun fi mu sanin zaƙinsu. Gamba kuma, in an shuka ta a jere, tana tare zaizaya, a yi zana da ita.

Darasi mafi girma daga Maraɗi ya zo mana. A 1983 wani ɗan mishan na SIM, Tony Rinaudo, mutumin Ostireliya, ya gaji da dashen da ke mutuwa. Sai ya lura cewa 'yan tsirrai da manoma ke sassabewa kowace shekara toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka fara barin tohon suna gyara shi. Ta wannan hanya aka farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Ba rijiya, ba sayen iri, wuƙa ce kawai da haƙuri.

Ga yadda ake yi. A sami kututturen kalgo ko sabara mai toho, a zaɓi rassa 3 zuwa 5 mafi ƙarfi, a yanke sauran da wuƙa mai kaifi, daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya tsage. A kewaye shi da ƙaya, gama akuya ba ta san dokar makaranta ba. Inda babu kututture sai a shuka. Ƙwayar gawo da ta bagaruwa suna da tauri, sai a zuba musu ruwan zafi su kwana a ciki, ko a ɗan kankare bayansu. A haƙa rami mai siffar rabin wata, bakinsa na fuskantar inda ruwa ke gangarowa, a sa takin gida.

Mun karanta cikin Littafin Farawa cewa aikin lambu ne na farko da Allah ya danƙa wa Adamu. Saboda haka muna roƙon kowane aji ya ɗauki itace guda ya zama nasa, mata masu zumunta kuma su taimake mu da harabar majami'a. Masu tafiya ƙauye hutun Kirsimeti su dawo mana da 'ya'yan gawo da na aduwa cikin takarda, kada a sa a leda. Ƙirge kuma a watan Afrilu za mu yi shi.