DARASI DOMIN ƘUNGIYOYIN BAKIN KOGI: Jirgi Mai Inji, Zuba Mai da Tuƙi

Darasin wannan wata domin ƙungiyoyin da ke bakin Binuwai da Kwara da Tafkin Kainji ne, da duk waɗanda gonarsu ko kasuwarsu take ƙetaren ruwa. Ƙungiyoyi da dama sun tara kuɗi sun sayi inji sun ɗaura wa jirginsu, domin su kai shinkafa da albasa da doya kasuwa da wuri. Wannan ci gaba ne, muna kuwa murna da shi. Amma inji ya kawo abu biyu waɗanda filafili bai san su ba, wato wuta da gudu. Sai a karanta darasin a taron ƙungiya, matuƙi da yaronsa suna zaune a wurin.

Fetur da halinsa

Yawancinmu mun saba da kananzir, shi ya sa muke yi wa fetur rikon sakainar kashi. Halinsu ba ɗaya ba ne. Abin da yake kama wuta a fetur shi ne tururinsa, yana kuwa fitar da tururin nan kullum, ko da sanyin hunturu. Tururin ya fi iska nauyi sau uku ko huɗu, saboda haka ba ya tashi sama kamar hayaƙi. Gangarawa yake yi ya kwanta a wuri mafi zurfi. To, jirgi kamar akushi yake. Idan an zuba mai a cikin jirgi, tururin yakan kwanta a ƙasa, ƙarƙashin katakai da buhuna, ido ba ya ganinsa. Yana nan yana jiran ashana, ko guntun taba, ko tartsatsi daga wayar fulogi.

Domin wannan, doka ta fari ita ce a fitar da tanki daga cikin jirgi, a ajiye shi a ƙasa a kan gaɓa, can a cika shi. Tankin da akan sayar tare da inji yana da hannu, lita 24 ko 25 yake ci, an yi shi domin a ɗauka ne. Kafin a taɓa murfi, a kashe inji, a ɗaure jirgi da kyau, fasinjoji su sauka su ja da baya. Kada mai shan taba ya matso. A duba kuma ko akwai mai tuyar ƙosai ko mai bandar kifi kusa, gama tashar jirgi ba ta rasa wuta, tururi kuwa yana bin ƙasa har ya kai ga murhu, wutar ta biyo shi ta komo kan jarka. Idan tilas ta sa a zuba mai bayan faɗuwar rana, da tocila za a yi. Fitilar ƙwai da aci-balbal ba su da wuri a nan.

A yi amfani da mazurari, a sa ƙyalle mai tsabta a bakinsa domin ya tare datti. Bakin jarka ya riƙa taɓa mazurari, mazurari kuma ya taɓa bakin tanki har a gama. Dalili shi ne, fetur mai gudu yakan tara irin wutar nan da riga take yi ƙyas-ƙyas da hunturu, idan kuwa akwai rata tsakanin jarka da tanki, tartsatsi yana iya tsallakewa.

Kada a cika tanki fal. Fetur yana kumbura da zafi. Lita 25 da aka zuba da sanyin asuba, idan rana ta buge shi har zafinsa ya ƙaru da digiri 20, zai ƙaru da kusan rabin lita. In babu wuri a tanki, rarar za ta fito ta murfi ta malala cikin jirgi. A bar kamar kashi ɗaya cikin goma ba kome. Abin da ya zube a jikin tanki a goge, a shanya tsumman a fili nesa da wuta, kada a cusa shi ƙarƙashin kujera. Bayan an mayar da tanki an haɗa tiyo, matuƙi ya sunkuya ya sansana ƙasan jirgi. In ya ji warin fetur, kada ya ja igiya sai ya gano inda yake yoyo. Hanci ne ma'aunin da kowa yake da shi kyauta.

Akwai wata al'ada da muke roƙo a daina, wato zuƙo fetur da baki ta tiyo. Ɗan kaɗan da ya sarƙe mutum ya shiga huhu ya isa ya kwantar da shi da ciwo mai tsanani. Wanda ya haɗiye fetur kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja. A kai shi asibiti.

Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, fetur ya yi tsada ƙwarai, mutane kuwa sun shiga ɓoye shi a ɗakin kwana domin tsoron ɓarayi. Ƙungiya ta gina ɗan ɗaki dabam mai shan iska da kwaɗo, nesa da madafa da rumbu. Man da aka saya a kwalba a bakin hanya kuma a bar shi ya kwanta a duba, gama ruwa ya fi fetur nauyi, za a gan shi a gindin kwalba.

Gauraya baƙin mai

Yawancin injunan da ke kogunanmu irin waɗanda ake gauraya musu baƙin mai cikin fetur ne. Awon da aka fi sani shi ne kashi 1 na baƙin mai cikin kashi 50 na fetur. Wato lita 10 tana bukatar mililita 200, lita 20 tana bukatar 400, lita 25 kuwa rabin lita. Sabon inji yakan bukaci ninki biyu a sa'o'insa na fari, wasu injuna kuma awonsu dabam ne, saboda haka littafin injin ne alƙali. Baƙin man da ya dace shi ne wanda aka rubuta TC-W3 a jikin galan ɗinsa. Na mota ba zai yi ba, yana toshe fulogi. Ma'aji ya sayi kofin awo mai lamba ya ɗaure shi da zare a jikin tanki. Awo da ido shi ne yakan sa inji ya ƙone idan an rage, ko ya mutu a tsakiyar kogi idan an zarce. Injin da yake da wurin baƙin mai dabam, shi ba a gauraya masa kome.

Nawa za a ɗauka? Matuƙan jiragen ruwa suna da lissafi mai sauƙi: kashi ɗaya cikin uku na zuwa, ɗaya na komowa, ɗaya kuma ajiya. A kogi sai a ƙara tunani, domin wanda ya gangara da jirgi wofi ya komo da takin zamani yana hawan ruwa, komowarsa za ta sha mai fiye da zuwansa nesa ba kusa ba. Idan tafiya mai nisa ce, a cika tanki na biyu tun a gaɓa, a sauya tiyo kawai in na farin ya ƙare. Tsiyaya mai daga jarka a tsakiyar ruwa, jirgi yana rawa, inji da zafi, mutane a cike, shi ne abin da muke so a guje masa.

In wuta ta kama, kada a watsa ruwa. Fetur yana tasowa kan ruwa, sai wutar ta bazu ko'ina cikin jirgi. Yashi, ko jiƙaƙƙen buhun algarara da za a rufe ta da shi, ko tukunyar kashe gobara mai hoda, su ne magani. Bokitin yashi ba ya cin kuɗi.

Tada inji da tuƙi

Ƙafar inji ta kasance cikin ruwa kafin a tayar, gama da ruwan kogi yake sanyaya kansa, robar da take jawo ruwan kuwa takan lalace nan da nan idan ta juya a bushe. A kwance ɗan ƙusar iska da ke kan murfin tanki, a matsa ƙwallon tiyo har ya yi tauri, a tabbata giya tana tsakiya, sa'an nan a ja igiya. Da inji ya tashi, a dubi ɗan siririn ruwan da yake fitowa daga bayansa. In babu shi, a kashe.

Akwai wata jar igiya mai lanƙwasa da take zuwa tare da inji. Ɗaya bakin yana maƙale a makunni, ɗayan kuwa a wuyan hannun matuƙi ko ƙafarsa ya kamata ya kasance. Idan ya faɗa ruwa, igiyar za ta fizge, inji ya mutu. Sau da yawa mukan gan ta a naɗe a jikin inji kamar ado. Jirgin da matuƙinsa ya faɗi inji yana aiki yakan yi ta kewaya, ya komo da farfela kan mutumin da ke cikin ruwa.

Jirgi ba shi da birki. Juyawarsa kuma daga turin farfela take, saboda haka idan an sake mai gaba ɗaya, ikon juyawa ya ragu. Masu hawan babur ɗin ruwa a Legas sun san wannan, gama nasu idan an sake mai ba ya jin juyi sam. Abin koyo a nan shi ne a rage gudu tun daga nesa, a iso gaɓa a hankali ana fuskantar ruwa. In jirage biyu sun yi karo da juna gaba da gaba, kowa ya kauce damansa. Kusa da ƙaramin kwalekwale ko masunta a sassauta, domin igiyar ruwan da muke tayarwa tana iya cika nasu, tarunsu kuma yana iya naɗe mana farfela. A Kainji, itatuwan da ruwa ya rufe tun da aka gama madatsar a 1968 har yanzu kututturansu suna ƙarƙashi, sun fi haɗari lokacin da ruwa ya ja baya. Baƙon matuƙi ya tambayi Sarkin Ruwa hanya, ba abin kunya ba ne. Da farkon damina kuwa, in hadari ya haɗu a gabas, a nemi gaɓa mafi kusa.

Lodi da dare

Nan ne rayuka suka fi salwanta. A watan Mayu na 2021 jirgi mai ɗauke da mutane fiye da ƙima ya nutse a Kwara kusa da Wara a Jihar Kebbi, mutane masu yawa suka hallaka. A watan Yuni na 2023 fiye da mutum 100 suka mutu a yankin Patigi a Jihar Kwara, suna komowa daga biki cikin duhu. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, wadda hedkwatarta take Lokoja, ta hana tafiyar dare, ta kuma ce kowane fasinja ya sa rigar ruwa. Mun san abin da yake jawo lodi. Mai ya yi tsada, sawu ɗaya ya fi biyu araha, ga kuma ɗan'uwa a gaɓa yana roƙo, da wuya a ce masa a'a. Shi ya sa bai kamata a bar wa matuƙi nauyin shi kaɗai ba. Ƙungiya ta ja layi da fenti a jikin jirgi, ta rubuta cikin littafinta cewa idan ruwa ya taɓa layin, ko shugaba ne ya zo da buhunsa sai ya jira sawu na biyu. Cikin Kubawar Shari'a 22:8 an umarci mai gina gida ya yi wa rufinsa katanga, domin in wani ya faɗo alhakin jininsa yana kan gidan. Jirgin ƙungiya gidanmu ne duka, alhakin kuwa a kanmu duka yake.

Kaya masu nauyi a ƙasa, a tsakiya, a ɗaure. Mutane su zauna, kada a hau kan buhuna. Rigar ruwa a jiki take aiki, wadda aka yi matashi da ita ba ta ceci kowa ba, yara kuma suna bukatar tasu daidai jikinsu. Wanda ya iya iyo ma ya sa, domin mai iyo ne waɗanda ba su iya ba sukan ƙanƙame. In wani ya faɗa ruwa, a jefa masa jarka wofi mai murfi, a kewayo a hankali, a kashe inji kafin a jawo shi. Idan jirgi ya kife bai nutse ba, a riƙe shi, gama gaɓa takan fi yadda ido yake gani nisa.

Aikin wannan wata: a yi taro mai zuwa a bakin ruwa. Matuƙi ya fitar da tanki ya nuna yadda yake gauraya mai da zubawa, kowa yana kallo, har da 'yan zumuntar mata, tun da su ne suka fi shiga jirgin ran kasuwa. Magatakarda ya rubuta ko akwai filafili biyu, da ƙwaryar kwalfe ruwa, da fulogi na ajiya da sifanarsa, da igiyar tada inji, da tocila, da bokitin yashi, ya ƙidaya rigunan ruwa. Abin da babu, a yanka masa kuɗi daga cinikin sawu na gaba, a sa ranar da ma'aji zai kawo rasiti.